Ranar da Mai Tsamiya Ta Ce Mini Mersi

Abubuwan da suka nemi raina a duniyar nan suna da yawa, kuma ga ni zaune, su ne babu. Agana ta shigo garinmu ina yaro, ta ɗebi sa'o'ina, ni ta bar mini ɗan tabo a hanci ta wuce. Bajimi ya taɓa ɗaga ni sama a kasuwar Mai'aduwa. Da aka yanka shi na ci hantarsa. Motar da ta kife da mu a hanyar Daura, kowa asibiti aka kai shi, ni na karkaɗe rigata na tambayi wanda ya ga takalmina. Ni ne Audi na Kwarin Dinya, nan gaba kaɗan da Babban Mutum, bakin iyaka. Ban taɓa shiga aji ba ko don in fake wa ruwa, amma duk wanda ya yi boko a garinmu, in magana ta yi nauyi, ƙofar zaurena yake cire takalmi.

Duk waɗannan da na lissafa wasan yara ne in aka kwatanta da abin da ya faru tsakanina da Mai Tsamiya.

Akwai wata tsohuwar tsamiya a arewacin gari, bayan jigawa, cikin kwari. In ka tsaya gindinta ka yi jifa, a Nijar dutsen zai faɗi. Tun kakanninmu an san da mai ita a ciki, mace ce, ba a kiran sunanta, ba a bi ta wurin da rana tsaka. A shekarar babban fari, wadda shanu suka riƙa faɗuwa a tsaye, ina saurayi, yunwa ta sa na hau ta in tsinko ta kunu. Muka yi ido biyu. Muka kama kokawa tun daga ƙololuwa har ƙasa. Hannuna na hagu da kuke gani a karkace, shaidar ke nan. Da farko in ina ba da labarin, kaye ɗaya nake cewa na yi mata, saboda ƙuruciya da kunya. Da shekaru suka ja sai na riƙa tuno sauran.

Mutum ɗaya ne a garin nan bai taɓa yarda ba, Sama'ila dillalin shanu. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, tare aka yi mana kaciya, kuma shi ya yi kuka. Duk inda na fara labarin sai ya tsoma baki.

"Zuma ce ta kore ka, bawana. Reshe ya karye ka faɗo. Ni na ɗauko ka a jaki."

"To wa ya aiko zumar?" nakan ce masa. Sai ya kawo zancen shanu.

Matsalar garinmu ruwa ce. Rijiyarmu ta cikin gari da an wuce kaka sai ta koma laka. Matata Hussaina, da furfurarta da ciwon gwiwarta, sai ta bi sahun mata da jarkoki zuwa wata rijiya mai nisa, su fita da sanyin safiya su dawo rana ta take. Na sha ce mata da a ce ni ne mace, zuwa ɗaya zan yi in ɗebo na mako. Takan ce jarkar tana nan, ba ta tambayar namiji ko mace.

Ana haka sai Allah ya kawo Hajiya Adama. 'Yar garin nan ce, 'yar abokina marigayi Malam Mahdi, tana aure a Kano, tana sayar da atamfofi, Allah ya buɗa mata. Ta zo ta ce za ta haƙa mana burtsatse mai sola, da tanki da famfuna, sadaka, ladan ya je wa mahaifinta. Mata suka yi ta guɗa. Aka kawo wani Jafaru daga Daura, shi ne shugaban masu haƙar, da na'urarsa mai wayoyi da ƙusoshi. Ya kafa a ƙofar masallaci, babu. Ya kafa a bakin kasuwa, babu. Ya zagaye gari kaf yana girgiza kai. Sai da ya haura jigawa ya gangara kwari, ya dawo yana murmushi ya ce ya sami ruwa mai yawa, kuma ba zurfi.

"A ina?" in ji mai gari.

"Gindin tsamiyar can."

Wata mata ta ɗauke ɗanta ta goya.

Aka taru a ƙofar gidan mai gari. Liman ya yi wa'azi mai kyau, ya ce babu mai cutarwa sai da izinin Allah, a yi addu'a a fara haƙa. Kowa ya ce gaskiya ne, Allah gafarta Malam. Sannan mata suka aiko daga bayan katanga cewa sun ji, amma su dai ba mai kai guga ko jarka wurin, kuma ba mai dafa wa mijinta tuwo da ruwan. Mai gari ya ce shi ba zai sa hannu a tone wa wata gida ba, ba a yi mata sallama ba.

Hajiya Adama ta gyara mayafinta ta ce, "Ranka ya daɗe, motar haƙa tana da wani aikin da ke jiranta. In nan ba a so, dangin mijina a wajen Baure su ma ƙishirwa suke. Lada dai duk inda aka haƙa zai iske Baba."

Na ga Hussaina ta leƙo ta saman katanga tana dubana. Ban gane dalili ba, sai da Sama'ila ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ai abin mai sauƙi ne. Muna da wanda ya san ta, har ya kayar da ita, sau nawa ma, Audi? Bara bakwai ne, ban san bana ba. Ya je ya ce mata ta matsa."

Kai duk suka juyo. Na ce a shirye nake, sai dai irin wannan aikin yana son a jira watan da ya dace. Jafaru ya ce mota ba ta san wata ba. Na ce kuma hannuna na hagu, in ta gan shi, zai tuna mata da abin kunya, ta fusata. Sama'ila ya ce in sa shi cikin riga.

"Baba Audi," in ji Hajiya Adama, "tun ina ƙarama nake jin labarin nan a bakinka, a zauren Baba. Saboda shi ban taɓa shan kunun tsamiya da daɗin rai ba. In kai ka ce an yi sallama da ita, mata za su yarda."

To, 'yar aboki ta yi magana a gaban jama'a. Na ce gobe da rana tsaka, lokacin da take gida.

Kwanakin nan Sama'ila ya sayi sabuwar waya, irin mai faɗin nan da ake shafawa, ya sa mata riga ja. Ko gaisawa za ku yi sai ya fito da ita ya duba, wai yana jiran kira daga Legas. Ni ban taɓa riƙe waya ba. Wanda yake son magana da ni ya san gidana. Washegari, da rana ta kusa tsaka, jama'a suka rako ni har gindin jigawa suka tsaya, sai Sama'ila ya zaro wayar ya miƙo mini.

"Riƙe, bawana. Kada ka je ka kwanta a gonar rogo ka dawo ka ce kun yi hira. Ga sunan mai gari nan na fito maka da shi. In ta fara magana, taɓa koren nan, mu ma mu ji muryar amarya."

Mutane suka yi dariya, irin wadda ake yi ana waige-waige. Na karɓa na jefa a aljihu. A ɗaya aljihun akwai dunƙulen fura da Hussaina ta ƙulle mini a leda. Liman ya riga ya ce kada a kai wa aljan komai, sadaka ta mabukata ce. Ni ma na yarda. Furar guzurina ce. In kuma na je gidan mutum ina ci, ai ba zan hana shi tayi ba.

Na haura jigawa. Rana ta tsaya a tsakiyar kai, ko inuwata ta shige ƙarƙashina ta ɓuya. Daga can sama na waiwaya, na ga garin duka ya zuba mini ido, har awaki. Na gangara. Da na gangara ba mai ganina kuma, sai na rage sauri, don mutumin kirki ba ya faɗa wa gidan mace da gaggawa.

Tsamiyar ta ƙara girma fiye da yadda na bar ta. Inuwarta baƙa, sanyi kamar bakin randa. Ba tsuntsu, ba iska. Na karanta abin da na riƙe tun ina makarantar allo, na maimaita, na haɗa da wanda ban tabbatar da ƙarshensa ba. Sai na nemi wurin zama. Ba tsoro ba ne, ladabi ne. Na zauna a kan wata saiwa, na kwance fura na ajiye tsakanina da gindin.

"Salamu alaikum, masu gida," na ce. "Audi ne. Kin gane ni."

Shiru.

"Abin da ya wuce ya wuce. Ke kin ji jiki, ni ma na ɗan ji. Yau ba faɗa ya kawo ni ba. 'Yar Mahdi ce za ta yi wa ubanta sadakar ruwa, kuma an ce ruwan yana ƙarƙashin ɗakinki. Matanmu sun gaji. Tawa ma gwiwarta ta kumbura, kuma in gwiwarta ta kumbura bakinta ba ya kumbura. Ki yi wa Allah ki matsa. Duk inda kike so, ni zan kai ki."

Ina rufe baki sai wani abu ya faɗo daga sama ya bugi hulata. Daga baya Sama'ila ya ce ɓawon tsamiya ne. Ni dai na san an taɓa ni. Sai na tuna mutanen gari suna can hankalinsu a tashe saboda ni, ya kamata in kwantar musu da shi. Na zaro wayar, na taɓa koren na kara a kunne.

Mai gari mutum ne mai murya kamar ana jan turmi a ƙasa. Ita nake jira. Sai na ji mace.

Murya siririya, mai sanyi, ba gaggawa, duk ta hanci take fita. Ba Hausa ba, ba Fillanci ba, ba Turancin da 'yan boko ke yi ba. Na san matar kamfani da ke magana a wayoyin mutane, ina jin ta a majalisa, wannan ba ita ba ce. Na saurara da kyau, sai na gane. Faransanci take yi.

Nan komai ya fito mini fili. Rabin saiwoyin tsamiyar nan a Nijar suke. Ashe duk shekarun nan baƙuwa ce, shi ya sa ake ta yi mata magana da Hausa ba ta amsawa. Kuma da na ce duk inda take so zan kai ta, ta duba abin da ke jikina, ta ga ɗaki mai jar riga da haske a ciki, ta ɗauka masaukin da na kawo mata ke nan. Ta shige.

Allah ya sa ni aka aika. Na yi fataucin dabbobi a Magarya shekaru, Faransanci ba baƙona ba ne. Na san papiye, wato takarda, abin da ake tambaya a kan iyaka. Na san wi, wato na'am. Na san mersi, wadda ake faɗa in an gama ciniki kowa ya gamsu. Na kasa kunne har ta gama dogon bayaninta. Babu papiye a ciki ko ɗaya, wato ba ta da wata shari'a da mu. A ƙarshe ta ɗan tsaya, ta ce, "Mersi."

Na ce, "Wi."

Ta yi shiru. An gama.

Na so in tashi in kai labari, amma ba a fita daga gaban manya da sauri. Ina nan zaune, ban san iya daɗewar da na yi ba, sai na ji takun mutum. Hussaina ce, tana ɗingishi, da muciya a hannu. Duk mazan garin nan, ita kaɗai ta haura jigawa.

"Malam, kana da rai?"

"Yi a hankali," na ce. "Tana ciki."

"Cikin me?"

Na nuna mata wayar, na sake taɓa koren, na kara mata a kunne. Mai Tsamiya ta maimaita maganarta, kalma ɗaya ba ta canza ba, kun san manya magana ɗaya suke yi. Hussaina ta ji har mersi. Ta dubi wayar. Ta dubi wajen Nijar. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ina jin girmana ne ya cika mata ido.

"Me ta ce?"

"Ta ce ta tashi, a haƙa. Ta kuma gode."

"Haka ta ce?"

"Da bakinta."

"To haka ta ce," in ji Hussaina. Ta ɗauki furar ta gutsura ta ba ni sauran, ta kama hannuna ta tashe ni. "Riƙe ta da kyau. Kuma in mun je, bar ni in fara magana."

Tun daga kan jigawa ta rangaɗa guɗa. Kafin mu sauka mata sun kewaye mu. Ta ce da kunnenta ta ji, mai wurin ta bar tsamiya ta koma cikin waya, ta yi magana da harshen mutanen Nijar, Malam ya mayar mata. Da aka ji tana cikin wayar, sai fili ya buɗe a kewayena, har mai gari ya ja da baya ya taka ƙafar dogarinsa.

Sama'ila ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Faransanci? Kai bawana, Allah ya shirye ka. Ai kowa ya san in ka gangara kwarin nan sabis ɗin Nijar ne ke kama waya. Matar kamfanin can ce take ce maka..."

"Sama'ila," in ji Hussaina. Ba ta ɗaga murya ba, muciyar kawai ta mayar ɗaya hannun. "Jarka nawa jakinka yake ɗauka?"

"Me ya kawo jakina?"

"In matar kamfani ce, to mai wurin tana nan a tsamiyarta ke nan. Ba haƙa. Mota ta tafi Baure. Sai mu riƙa tara maka jarkokinmu a ƙofar gida kullum da safe, mu da matanka biyu. Ga su nan, tambaye su."

Sama'ila ya waiwaya. Matansa suna tsaye a bayansa, ba wadda ta yi murmushi. Ya dubi Jafaru, mutumin da ya san na'ura, ko zai taimake shi. Jafaru ya duƙa yana gyara igiyar takalminsa, takalmin kuwa silifa ne. Ya dubi Hajiya Adama, ita kuma ta ja mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta suna motsi, ina jin kukan tuna mahaifinta ne ya zo mata. Ya dubi Liman. Liman ya ce shi dai abin da ya sani, da bismilla za a fara haƙa, kamar yadda ya faɗa tun jiya.

"To," in ji Sama'ila, murya ta yi ƙasa. "Wataƙila ban ji da kyau ba. Ba ni wayata."

Ya miƙo hannu. Uwargidansa ta ce in wayar nan ta shiga gidan, ita gidan ubanta za ta kwana. Amaryar ta ce ta riga ta ɗaura ɗankwali. Mai gari ya yanke hukunci cewa abu irin wannan sai wanda ya saba da shi, a bar ta a hannun Audi.

"To a ciro mini layina kawai," in ji Sama'ila. "Duk lambobin mutanen Legas suna ciki."

"In kuma a cikin layin take kwana fa?" na ce. "Ka ɗauki gadon ka bar mini ɗakin?"

Washegari mota ta haura jigawa. Aka yi ta haƙa, ni ina zaune a gefe da wayar a cikin jakar fata, don ta ga ba a taɓa mata reshe ko ɗaya ba. Ranar da ruwa ya yi tsiri sama, fari tas, yara suka shiga ciki da rigunansu, Hussaina ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu ta ce yau gwiwarta ta yi ritaya.

Ranar buɗewa aka yi taro, aka dafa shinkafa. Liman ya ɗaga hannu ya yi wa Malam Mahdi addu'a, Allah ya kai ladan kabarinsa, aka ce amin. Ya yi wa Hajiya Adama, aka ce amin. Sannan mai gari ya raɗa masa wani abu, sai ya ƙara da cewa, da bawan Allah Sama'ila, wanda ya ba da sabuwar wayarsa sadaka saboda jama'a su sha ruwa, ba tare da an roƙe shi ba, Allah ya karɓa. Gari duka ya ce amin. Ina kusa da shi, na zungure shi da gwiwar hannu.

"Ba ka ce amin ba, bawana."

Ya ce amin kamar ana cire masa haƙori.

Yanzu tana nan rataye a zaurena. Duk bayan kwana biyu nakan kai ta wurin solar burtsatse a sa mata caji, don ba a barin baƙo da yunwa. Wani lokaci mutanen Legas sukan kira suna neman shanu, in ce musu Sama'ila ya fita, su faɗa mini abin da suke so, na fi shi sanin dabba. Shi kuma yakan zo da yamma ya zauna a bakin zaure ya yi ta kallon jakar. Nakan bar shi ya gaishe ta daga nesa.

Abin da zai ba ku mamaki, tun da ta dawo hannuna ba ta sake yin Faransanci ba. Ran nan na taɓa koren in ji lafiyarta, mai gari kuwa yana gona wayarsa ba caji. Sai ta ce mini, da Hausa tsantsa, ba ko gargada, wanda nake nema ba ya kusa, in sake gwadawa an jima. Na aika aka duba, wallahi ba ya kusa.

Shekara da shekaru tana kan tsamiya ba ta iya ko sannu ba. Wata nawa ta yi a zaurena? Na faɗa wa Hussaina, ta ce ai duk wanda ya zauna kusa da ni dole ya koyi magana, ko don ya samu ya sa baki. Sannan ta miƙo mini buta ta ce in je famfo in ɗebo na alwala, yanzu ba nisa.